Kada Ka Kwanta Kafin a Kwantar da Kai

Daga Fatakwal

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya tsare hanyarka zuwa Kano, Ya kuma dawo da kai Birnin Kudu cikin iyalinka. Ka gai da mahaifiyarka idan ta zo, ka gai da surukinka Malam da mutanen gidansa, da 'yan makarantar da kake koyarwa.

Damina huɗu ke nan rabona da Maruta. Tun ranar da na hau bayan motar albasa a Gwaram ban sake taka ƙasarmu ba. Labarin garin nan kuwa ba shi da abin ji, ruwan sama ne da tsadar abinci, don haka na bar shi. Maganarka zan yi.

Ka gaya mini likitoci sun ce ciwon dajin babban hanji ne, irin wanda aka yanke mini a garin nan shekarun baya, kuma sun sa maka ranar tiyata nan da 'yan makonni. Sun ce kafin ranar ka shirya jikinka a gida: ka riƙa tafiya, ka motsa gaɓoɓinka, ka ci abinci mai gina jiki. Ni a lokacina ba wanda ya faɗa mini haka. Ko kuma an faɗa cikin Turancin da ban ji ba, kada in ɗauki alhakin mutane.

Wancan makon Ɗanladi direba, wanda yake sauke mana albasa daga Gwaram, ya zo wurin teburin gorona yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce bayan La'asar ya hango ka a gefen hanyar Kiyako kana zabga sauri kamar mai bin ɓarawon akuya, ga mutum uku a bayanka suna haki. Na ƙarshensu baffanka Isa ne, yayana, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da kaza a hammata. Wai dubiya ya zo daga Maruta, ya tarar kana ɗaura takalmi. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa likita ya hana ka zama a wannan lokaci, in ya yi haƙuri ku ƙarasa gaisuwar a hanya. Ɗanladi ya tsaya zai rage masa hanya, ya ƙi hawa, don kada a ce mara lafiya ya fi shi ƙafa. Abin da ya ji yana faɗa maka shi ne, "Yanzu fisabilillahi Abba, mu muka zo duba ka, ko kai ne kake duba mu?"

Na yi dariya har wurin ɗinkina ya amsa. Da Ɗanladi ya tafi na koma kan cinikina. Duk wanda ya zo sayen goro ranar sai da na ba shi labarin, har waɗanda ba su jin Hausa. Na ce musu ɗana ne.

Amma Ɗanladi bai tafi ba sai da ya sauke mini ɗaya rabin kayan. Ya ce baffanka da mahaifiyarka sun shirya za su ɗauke ka zuwa Maruta, ka kwanta a ɗakin kakarka har ranar tafiya Kano. Baffanka yana da hujja biyu. Wai abin kunya ne ga dangi a ga majinyacinsu yana gararamba a titi kamar marar gata. Kuma wai mutanen masallaci da suka fara karo-karo don aikinka hannunsu zai yi sanyi, wa zai taimaki mutumin da ya fi shi sauri? Wannan shi ya sa na ɗauki biro. A waya ba ka bari in kai aya, da na fara sai ka hau "to Baba, in sha Allahu Baba" har kati ya ƙare. Na kuma san ka da nauyin baki a gaban manya. Ina tsoron ladabinka ya kwantar da kai.

Ka ji yadda ta kasance da ni. Lokacin ina dako a kasuwar albasa, buhu nake ɗauka ni kaɗai ba mai tallafa mini. Da likita ya sa mini ranar aiki, sai Sarkin 'yan dako ya ce za a yi mini karo-karo. Wani dattijo a cikinmu ya ja ni gefe ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya kuwa. Ya ce, "Haruna, ka daina fitowa. Mutanenmu ba sa ba wa na tsaye." Na ga gaskiyarsa. Na shimfiɗa tabarma a bayan rumfa na kwanta. Kowa ya leƙo ya ce sannu da jiki, in amsa da ƙaramar murya. Da farko, in ba kowa, nakan tashi in miƙe. Daga baya sai na ga ba ni da dalilin tashi: ruwan alwala ana kawo mini, koko ana kawo mini, sallah ma na koma yi a zaune. Ka san yadda muke da mara lafiya. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, mutum uku za su zaburo su ce haba, bari, kai da ba ka da lafiya. Soyayya ce, ban musa ba. Amma wannan soyayyar ta cinye mini naman cinya. Na kwanta don a gani, har kwanciyar ta kama ni da gaske. Ranar da za a kai ni asibiti, ni da nake sauke mota, sai da aka tallabe ni zuwa bakin titi.

An ce wanda ya riga ka kwanciya zai riga ka tashi. A asibiti na ga inda maganar nan ba ta ci ba. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsoho masunci, mutumin ƙauyukan cikin ruwa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ciwonmu ɗaya, mako ɗaya aka yi mana aiki. Shi har zuwa makon da aka kwantar da shi yana tuƙa kwalekwale, ba don wani likita ya ce ba, don in bai tuƙa ba ba mai ba shi abinci. Washegarin aikinsa na ga nas ta zaunar da shi a bakin gado, kafin in ankara ya miƙe yana jan ƙarfen da ake rataya ledar ƙarin ruwa. Kullum sai ya wuce ta gaban gadona a duƙe, hannu ɗaya a ciki, ya dube ni ya ce, "Aboki, tashi." Ka san kalmar nan ta aboki ba na son jin ta a bakin mutanen nan, na san abin da suke nufi da ita. Amma a bakinsa ban ji haushinta ba, haushin kaina na ji. Na gwada. Ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Shi aka sallame shi ya tafi da ƙafarsa, aka kawo wani a gadon, shi ma aka sallame shi, ni ina nan.

Kada ka ɗauka ina cewa tafiya tana maganin daji. Ba ta yi. A ɗakin nan na ga wani ƙato majiyi ƙarfi da aka shiga da shi bai fito ba, ajali ba ya tambayar ƙwanji. Masuncin ma ban san ko yana raye ba. Abin da na gani da idona kawai shi ne wuƙar likita tana karɓar rabonta a jikin kowa, sai dai wanda ya shiga da ƙarfi yana da abin bayarwa ya rage saura, wanda ya shiga a rarake kuwa sai ta taɓa masa jari.

Don haka ga shawarata a kan Maruta. Ka je. Kada ka ƙi kiran mahaifiyarka. Ka gai da kakarka, ka bari su shafa maka kai, ka sha rubutun da za a yi maka, ka karɓi addu'ar kowa. Amma ka tafi da takalminka, kuma tun ranar farko, kafin a shimfiɗa maka tabarma, ka fita ka zaga bayan gari kowa yana kallo. In ka bari aka kwana biyu ba ka fita ba, rana ta uku fitarka za ta zama rashin kunya. In kuma ka ga an fi ƙarfinka, ka koma Birnin Kudu, ka ce ni na ce. Ka ɗora mini laifin, ni dama ba su ganin farina. Maganar karo-karo kuwa, ka roƙi surukinka Malam ya tashi bayan sallah ya yi wa jama'a bayani cewa tafiyar nan cikin magani take, umarnin likita ce. Bakinsa ya fi na baffanka nauyi a masallaci. Wanda zai bayar don Allah zai bayar ko kana tsaye. Wanda sai ya gan ka a ƙasa zai bayar, ya riƙe abinsa, ya fi maka arha.

Tafiyar kuma ka yi ta da hankali, kada ka mai da ita gasa don an fara yabonka. Ka yi saurin da za ka iya amsa sallama amma ba za ka iya jan doguwar aya ba. Ka zaɓi sanyin safiya ko na yamma, da gorar ruwa a hannunka, kuma kada ka yi nisa kai kaɗai. Ciwon nan yana shan jini a ɓoye. In ka ji jiri, ko ƙirjinka ya ɗaure, ko jinin ya ƙaru, ka zauna, ka kuma sanar da likita, kada ka ce za ka daure. Dauriya ita ta kai ni inda nake. Matarka ta gaya wa mahaifiyarka, ita kuma ta gaya mini, wai ka kife turmi a tsakar gida kana zama kana tashi ba ka dafa komai, yara suna ƙirga maka suna yi maka coge. Wannan ka riƙe shi da kyau. Bayan aiki, duk duniyarka za ta koma tsakanin gado da tsayuwa, kuma cinyoyin nan su za su ɗauke ka, don cikinka ba zai taimaka maka da komai ba.

Sai maganar abinci, inda na yi wauta ta biyu, ko in ce ta farko, don ta riga waccan. Jini na fara gani, na ce basir ne. Kowa ya ce basir ne. Wane namiji ne a ƙasarmu ba shi da basir? Na fi shekara ina shan jiƙe-jiƙe na masu tallar magani a tasha, wanda yake wanke ciki har mutum ya ga taurari. Suka ce in bar nama, in bar ƙwai, in bar duk mai maiƙo, wai su ke ciyar da basir. Na bari. Da ciwon ya yi nisa kuma sai na koma tsoron abinci gaba ɗaya, don duk abin da na ci sai ya kai ni bayan gida da murɗa. Na zauna a kan koko da ruwan shayi. Bayan aiki ɗinkina ya ƙi kamawa, yana ta ruwa, likita ya ɗaga hannuna ya dubi damtsen ya girgiza kai. Wanda yake yi mana tafinta ya ce wai yana cewa ba a ɗinke tsumma da tsumma.

Kai ka ga jini, ka tuna da ni, ka tafi asibiti ba ka tsaya a tasha ba. In wahalata ba ta yi amfanin komai ba sai wannan, to ta biya. Amma yanzu masu magani za su yi ta zuwa, kowa da ƙullinsa, wasu ma 'yan'uwa ne da ba za ka iya kora ba. Ka karɓa, ka yi godiya, ka ajiye. Duk abin da zai gudanar maka da ciki kada ya wuce maƙogwaronka, kuma duk abin da ka sha, ka faɗa wa likita ko da zai yi faɗa. Ka kuma gaya wa ƙannenka, maza da mata, tunda ga ni ga ka, su tambayi likitanka abin da ya kamata su yi. Kada wani a gidan nan ya sake kiran jini basir.

Ka ci ƙwai, ka sha nono, ka ci kifi, da wake in cikinka ya karɓa, da miyar zogale da ƙuli-ƙuli. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ko ba ka jin yunwa. In likita ya hana wani abu, nasa ne gaba da nawa. Azumin Litinin da Alhamis da ka saba, ka ajiye shi sai ka warke, kai malami ne, ka fi ni sanin Allah bai ɗora maka ba. Sannan ga wani abu da na tabbata yana faruwa a gidanka ko ban gani ba. Kazar nan da baffanka ya kawo, wa ya ci ta? Na rantse an yanka, an dafa, baƙi sun zo dubiya, ka ce a kai musu zaure, kai ka sha romo. Haka muke. Abincin mara lafiya masu lafiya ke cinye shi, shi kuma yana murna an fita kunya. Ka ba matarka izini ta cire naka tun a tukunya, ta rufe a ɗaki, kuma kada ka tambaye ta a gaban baƙo ko akwai saura. Baƙo ya sha fura, ba a kansa za a ɗora wuƙa ba.

Taba kam Allah Ya tsare ka da ita, ni ita ta ƙarasa ni. Ban daina ba sai ranar da aka kwantar da ni, ina ɓoyewa a bayan rumfa ina zuƙa, wai ina rage tunani. Bayan aiki majina ta cika mini ƙirji, tari kuma in ya taso sai in ji kamar za a ɓarke ɗinkin, sai na riƙa danne shi. Danne shin ya zama ciwon huhu da zazzaɓi, ya ƙara mini makonni. Na ji an ce sun ba ka aikin hura balan-balan da jan dogon numfashi. Na san za ka ji nauyi, malamin makaranta guda yana hura abin wasan yara. Ka hura. In sun cika ka ba yaran, kowa ya huta. Ka kuma koyi tari tun yanzu: ka rungume matashin kai a cikinka, ka danna, ka yi tarin gaske. Wanda bai koya da lafiyayyen ciki ba, ba zai koya da yankakke ba.

Akwai abin da ba wanda zai gaya maka a gida, bari ni in zubar da girman in faɗa. Bayan aiki, kowace safiya nas za ta tsaya a kanka ta tambaye ka, a gaban kowa, ko ka yi tusa. Wallahi haka. Ita ce alamar hanji ya farka daga barci, kuma sai ta fita ake barin mutum ya ci abincin kirki. Tamu wata ƙatuwar mata ce mai guntuwar Hausa, tun daga ƙofa take ɗaga murya, "Malam, iska ya fita?" Ranar da ta masuncin ta fita, ɗakin nan har tafi aka yi masa, yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Ni kuwa in ta tambaye ni sai in juya fuska bango. Ta ce in tashi in taka, tafiya ke tayar da hanji, na ƙi, don rigar asibitin a buɗe take ta baya, ga robar fitsari tana reto, ga mata suna wucewa. Cikina ya kumbura kamar ganga, sai da aka zura mini roba ta hanci. Likita ya ce hanji yakan yi wannan nawar ga kowa, ba duka laifina ba ne. Amma na san rabona a ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abba. Ka tafi da zane ka ɗaura a kan rigar, in sun ce tashi ka tashi, in sun tambaya ka amsa da ƙarfi.

In kuma sun ce za su fitar maka da hanji ta gefen ciki su manna jaka, na ɗan lokaci ko na dindindin, kada ka ce gara mutuwa. Ni na faɗi haka, kuma ƙarya nake, da na ga mutuwar ta matso ban so ta ba. Na zauna da jakar wata da watanni kafin a mayar. Na yi sallah da ita, malamai sun ce hukuncina hukuncin mai lalura ne, ka fi ni sanin babin. Ba daɗi, amma ana rayuwa.

Kuskurena na ƙarshe shi ne ya mai da ni mai teburin goro. Da na ɗan ji ƙarfi, sai kunyar cin abincin mutane ta kama ni. An ce kada in ɗauki abu mai nauyi sai an ba ni izini, na ce su ba su san ciyar da iyali ba. Na koma dako. Buhu na farko na ji wani abu ya saki a ƙarƙashin ɗinkin, yau ga wurin nan ya ɓullo kamar ƙoƙo, da ɗamara nake yawo. Ka ga aikin banza: lokacin da ya kamata in motsa na kwanta, lokacin da ya kamata in haƙura na ɗauki kaya. Kai ka juya shi. Ƙarfinka ka nuna shi yanzu. Bayan aiki ka ci gaba da tafiya a hankali, amma jarkar ruwa, da buhun gero, da tura babur in ya ƙi tashi, ka bar wa masu lafiya. A nan ne za ka bar dangi su yi maka soyayyar tasu, lokacinta ke nan.

Game da baffanka, kada abin da ke tsakanina da shi ya shiga tsakaninku. Ka san fadamar da na bar masa amana ina kwance har yau ba ta dawo ba, kuma duk zaman da na yi a asibitin nan ba wanda ya zo daga Maruta, ko mutum ɗaya. Abin yana nan a raina, ba zan yi maka ƙaryar ya wuce ba. Amma shi ya ciyar da ku damina biyu ina kwance, kuma hanyar Fatakwal ba ta talaka ba ce. Mutumin da ya bi ka a ƙafa da kaza a hammata, da tsufansa, ba maƙiyinka ba ne. Yana so ya yi maka abin da ya sani ne, abin da ya sani ɗin ne ba daidai ba. Ka girmama shi, ka ƙi maganarsa.

Saura abu ɗaya. Kai ne ɗan farina, ka kuwa san al'adarmu. Ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ranar saukarka ta Alƙur'ani ma a bayan taro na tsaya kamar baƙo. In an yabe ka a gabana sai in kawar da kai in ce yaron banza ne. Haka aka yi mini, haka na yi maka, ban kuma ce laifi ba ne. Amma a takarda ba mai ganina, don haka ka ji: ban taɓa ganin namijin da ya tari ciwon nan a tsaye kamar yadda ka tare shi ba. Ni na kasa, kai ka iya. Ina alfahari da kai.

Ranar da za su ce ka miƙe karo na farko, sai an sami wanda zai riƙe ka ta hammata, don duniya juyawa take yi. Matarka ba za ta iya nauyinka ba, mahaifiyarka kuka za ta yi ta ce a bar ka ka huta. Ni na san inda ake riƙewa, na san lokacin da mutum yake cewa ba zai iya ba alhali zai iya, da lokacin da da gaske yake. Ɗaukar buhu ta fi ƙarfina, amma kafaɗata tana nan. Don haka zan zo Kano. Wanda ya ga dama ya ce Haruna ya tsufa ya rasa kunya, yana rungume da ɗan fari a gaban surukai. Ka sanar da ni ranar da wuri, kuma ka zo mini da ƙafafun da za su taimake ni, kada ka bar mini aikin ni kaɗai.

Allah Ya tsare ka a hanya da gida, Ya sa albarka a hannun likitocin, Ya sa a cire a sa'a, Ya tashe ka da wuri. Allah Ya raya maka zuriyarka, Ya kare ƙannenka daga wannan ciwo. Ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Ga abin da na iya tarawa, don ka san da me zan zo. Kwando ɗaya na busasshen kifi, Ɗanladi zai kawo maka shi tare da takardar nan, naka ne kai kaɗai, ba na zaure ba. Kuɗin jini leda biyu, in sun nema. Zane biyu sababbi na ɗaurawa a asibiti. Sai kuɗin mota daga nan zuwa Kano, wanda sai da na sayar da teburin ya cika. Na zuwa ne kawai, bai kai na dawowa ba, ban kuma nemi ya kai ba.

Mahaifinka,
Haruna